Ragunansa Suna Nan a Turke

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara ke nan da muka kai aminina makwancinsa, sai yanzu hannuna ya iya riƙe waya.

Ranar Laraba da daddare muna zaune a dakalin ƙofar masallaci, yana yi mini lissafin raguna biyu da zai kai kasuwar Maigatari washegari Alhamis, ya sayar ya yi wa yaransa kuɗin makaranta. Da Asuba a sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa tana gogar tawa. Ya koma gida zai kwance ragunan, ya ce wa uwargidansa kansa yana sara masa, ya jingina da bangon zaure. Kafin a kira mai babur rai ya yi halinsa. Ba jinya, ba wasiyya. Kafin Azahar mun dawo daga maƙabarta, ragunan suna nan a turke suna cin harawar da ya zuba musu da hannunsa. Wallahi ganin harawar nan ya fi karya mini zuciya a kan ganin makara.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Haba ɗana, kai da kake namiji, ina imaninka?" Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai har dare. Sai da Malam Liman ya zaunar da ni a zaure ya tuna mini ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake gargarar mutuwa. Idanun Annabi suka zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, "Har kai ma ya Manzon Allah?" Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Bukhari ne ya ruwaito. To wane ne ni? Abin da aka hana shi ne marin fuska, da yage tufafi, da kururuwar jahiliyya, da furucin da ke nuna kamar Allah bai yi daidai ba. Don Allah mu daina sa wa mai makoki nauyin zunubi a kan nauyin rashi.

Daga nan nake ta maimaita ayar ƙarshen Suratu Luƙman, aya ta 34: babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Tun ina yaro nake jin ta a bakin malamai, amma sai da na ga mutum ya shirya wa Maigatari aka kai shi bayan gari na gane ta.

Sai dai ga inda nake son mu tsaya. Kwana uku na zaman makoki tabarma ba masaka tsinke, an zo daga Gumel, an zo daga Ringim. Rana ta huɗu aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Aka bar mace cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, da yara huɗu, da gero a gona ya isa girbi tsuntsu na sauka a kai. Hotonsa kuwa ya cika Facebook da "Allah ya jiƙan rai". Addu'a ce mai kyau, Allah ya karɓa, amma ba ta shiga rumbu.

Ashe akwai bashin buhun taki a kansa tun farkon damina, bai taɓa gaya mini ba don kunya. Manzon Allah (SAW) ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Mu huɗu muka haɗa muka kai wa mai shagon. Bawan Allah ya buɗe littafinsa, ya ja layi a kan sunan, ya ce ya yafe rabi. A daren nan na fara yin barci sosai tun rasuwar.

Mahaifiyarsa, da na durƙusa ina ba ta haƙuri, ita ce ta koma tana lallashina. Ta ce, "Ɗan nan, Wanda ya ba ni shi ne ya karɓi abinsa. Kai dai kada ƙafarka ta ɗauke daga gidan nan."

Allah ya gafarta masa, ya sa kabarinsa dausayin Aljanna, ya raya abin da ya bari. Ranar Asabar bayan sallar Asuba, in Allah ya kai mu, akwai gayyar girbin geronsa. Mai magirbi ya zo da shi, mai amalanke ya taimaka da kwasar dammuna.