Ba aljanu ba ne, ciwon damuwa ne

Wallahi labarin nan da kuka kawo kan yawaitar ciwon damuwa ya taɓa ni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 jarin yayana ya karye, ya rufe shagonsa na hatsi. Daga nan ya daina fita, ba barci, ba cin abinci, ko sallama ba ya amsawa. Dangi suka ce aljanu ne, wasu suka ce rashin tawakkali. Wata huɗu muna ruƙiyya kafin muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Likita ya ɗora shi kan magani, yanzu da sauƙi, alhamdulillahi. Sai dai kuɗin maganin kowane wata, sai mun yi karo-karo muke iya saya.