Da wane mudu ake auna tallafin sauyin yanayi?

A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Kofanhagen a 2009 ne ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin tara dala biliyan 100 duk shekara nan da 2020, domin dafa wa ƙasashe masu tasowa kan sauyin yanayi. Ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta ce sai a 2022 aka cika alƙawarin, da dala biliyan 115.9. Ƙungiyar agaji ta Oxfam kuwa ta lissafa cewa idan aka tsame rancen da za a biya, aka kuma ware ayyukan da ba su da alaƙa ta gaskiya da yanayi, abin da ya rage bai wuce biliyan 28 zuwa 35 ba.

Tazara irin wannan ta fi ƙarfin kuskuren alƙalami. Mai bayarwa ne ke riƙe da mudun, shi ke auna kyautarsa, kuma har yau ba a daddale ma'ana guda ta abin da ya cancanci a kira kuɗin yanayi ba. Shi ya sa a 2023 Reuters ta gano cewa Italiya ta sanya shagunan cakulan a nahiyar Asiya cikin lissafinta, Japan kuma ta sanya tashar lantarki mai ƙona kwal a Bangladesh.

A Pakistan abin ya fi fitowa fili. Ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta halaka fiye da 1,700, asarar kuma ta kai kusan dala biliyan 30. A lardin Sindh ruwa ya kwanta a gonaki tsawon watanni, auduga ta ruɓe a tsaye, zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya. Da aka taru a Janeba a watan Janairun 2023 domin tara wa Pakistan tallafi, an yi shelar alƙawarin fiye da dala biliyan 9, amma ministan kuɗin ƙasar na lokacin, Ishaq Dar, ya bayyana cewa kusan kashi 90 cikin ɗari rance ne. A ganina, wanda gidansa ya rushe aka ranta masa kuɗin bulo, bashi ya ƙaru a kansa, ko me littafin mai bayarwa ya rubuta.

Awon da zan amince da shi dole ne ya raba kyauta da rance, ya nuna ko kuɗin sabo ne ko kuwa daga kason agajin abinci da magani aka yanko shi aka sake masa suna. Ya kuma faɗi ranar da ya isa hannun mabuƙata, domin mutanen Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a Satumban 2024 a makon farko suka fi buƙatar kwale-kwale, tanti da ruwan sha.