Ku daina rage wa waƙar "White Christmas" shekaru

Disamba ta kama, an sake ɗauko guntun bidiyon nan ana ta yaɗawa: mawaƙin Amurka Bing Crosby da ɗan wasa Danny Kaye cikin jajayen kaya, a ƙasa an rubuta wai a fim ɗin White Christmas na 1954 aka haifi waƙar "White Christmas". Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sama da shekara 12 kuke zaftare wa waƙar fa!

Crosby ya fara rera ta a rediyo ran 25 ga Disamba 1941, kwana 18 bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. Ran 29 ga Mayu 1942 kamfanin Decca ya ɗauke ta a faifai. Fim ɗin da ya fito da ita kuwa Holiday Inn ne na 1942, marar kala, shi da Fred Astaire, kuma da shi Irving Berlin, marubucin waƙar, ya ci kyautar Oscar ta waƙa. Na 1954 aron sunan ya yi bayan waƙar ta gama duniya.

Wani zai ce ai duk Crosby ne, ina bambancin? Je ka kalla. A na 1942 yana zaune gaban fiyano a gidan gona, yana koya wa 'yar wasa Marjorie Reynolds waƙar, har ya miƙa lofensa yana ƙwanƙwasa 'yan ƙararrawar da ke rataye jikin bishiyar Kirsimeti. Mutum biyu ne a ɗaki, babu taro, babu ado. Waƙar kewar gida ce, shi ya sa sojojin Amurka da ke bakin daga suka riƙa roƙon a sa musu ita. Wanda bai san an yi ta a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu ba, bai san me ya sa take sa dattawan Amurka hawaye ba.

Ko muryar da kuke ɗora wa bidiyoyinku ba ta 1954 ba ce, ba kuma ta 1942 ba. A wancan zamani daga uwar faifai guda ake fitar da tambarin ƙarfe da ake danna faifan garmaho. An yi ta bugawa har uwar ta lalace, dole Crosby ya koma ya sake rerawa ran 19 ga Maris 1947, da makaɗan John Scott Trotter na farko. Gane ta ba wuya: in ka ji sarewa a farkon kiɗan, ta 1947 ce.

Na san abin da ya danne Holiday Inn. Akwai waƙar "Abraham" da aka shafa wa Crosby da Reynolds baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata, abin ƙyama ne, tashoshi da dama yanke wurin suke yi. A faɗi wannan ɓaro-ɓaro. Amma ba hujjar sauya wa waƙa shekarar haihuwa ba ce.

Sannan masu yaba muryar Reynolds a Holiday Inn, ba ita ke rerawa ba, Martha Mears ce. Baki kawai take bi. Haka Vera-Ellen a na 1954: rawar tata ce, ba mai ja da ita a nan, amma yawancin waƙoƙinta Trudy Stevens ce ta rera. Mears da Stevens ko a jerin taurarin da ke jikin fosta ba za ka gan su ba.