Kafin ka ɗaga murya, faɗa mana me kake nufi

Abin da aka yi wa wani yaro jiya a majalisa ya tsaya mini a rai. Awa biyu ana tayar da jijiyar wuya a kan ko wane wayayye ne, har shayi ya huce a kofi. Yaro ya ce, "Baba, don Allah me ake nufi da wayewar?" Sai aka yi masa ca, wai ya kawo mana falsafar 'yan boko.

Wallahi shi kaɗai ya yi magana mai kan gado a wurin. Ɗaya da ya ce wayewa ilimi yake nufi, ɗaya kuma sa ƙananan kaya da zubar da kunya. Kowa da tasa kalmar a ciki, ta yaya za a haɗu? Wannan musu ne kawai, kuma mai musu nasara yake nema. Mai kafa hujja gaskiya yake nema, ko da daga bakin abokin gardamarsa za ta fito. Shi ya sa yake fara tsayar da ma'anar kalma, sannan ya jera dalilai, sannan ya ga me suka haifar.

Wannan shi ne mantiki, ilimin kafa hujja, kuma kada wanda ya ce mini baƙon abu ne. A zaure ake karanta Sullam na Akhdari, littafin mantiki, can malamai ke koyar da cewa ta'arifi, wato fayyace ma'anar abu, sai ya tattaro duk abin da ke cikinsa, ya kuma hana bare shiga. Ka ce ɗan'adam shi ne mai ƙafa biyu, sai a nuno maka zakara. Maghili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kare mantiki da baitoci lokacin da Suyuɗi, malamin Masar, ya haramta shi. Eh, daga Girka ya taso, wajen su Aristotal. To sai me? Awo ake yi da mudu, ba a tambayar garin da aka ƙera shi.

Masu cewa ai kowa ya san ma'anar, to faɗe ta mana. In ka sani, jimla ɗaya ta isa.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, na tambayi samarin wurin alaƙar unguwar Sharifai da Maghili, babu wanda ya amsa, alhali biyu daga cikinsu kullum ta nan suke bi zuwa Kurmi.