Hoto 3,000 a wayata, amma ban san nauyin 'yata ba

Tambaya uku likita ya yi mini a daren nan, ban ci ko ɗaya ba.

"Malam, minti nawa ta yi tana jijjigar?" Na ce ai ta kai rabin awa. Matata daga bayana ta ce, "Likita, ba ta cika minti uku ba, na duba agogo." Ya ce, "Nauyinta fa?" Na waiwaya. Ta ce kilo 11, awon watan jiya. Ya tambaya ko an kammala mata rigakafi, na sake waiwayawa. Daga nan bai ƙara kallona ba, da ita ya ci gaba da magana, ni kuma ina tsaye riƙe da takalmin yarinya ƙafa ɗaya, ban ma san lokacin da na ɗauko shi ba.

Tafiya muka yi ta kwana huɗu, awa bakwai a mota, muka sauka a garin da ba mu san kowa ba. Auta tana da wata 19 a lokacin. Ta yini tana rigima, na ce gajiyar hanya ce. Wajen ƙarfe ɗaya na dare jikinta ya ɗau zafi rau, can sai ta sandare, idanu suka juye sama, hannu da ƙafa suna fizga. Wallahi na ɗauka tafiya za ta yi. Abin da ya fara zuwa kaina shi ne cokali, don na tashi ina jin ana cewa a sa wa mai jijjiga a baki kada ya haɗiye harshe. Na rarumo shi ke nan matata ta buge mini hannu. "Abbansu, ajiye cokalin nan, haska mini fitilar waya!" Ta kwantar da yarinyar a kan gefenta, ta sassauta mata riga, ta janye matashin kai, ido ɗaya a kan 'yarta ɗaya a kan agogo. Bakinta addu'a yake yi, hannunta na rawa, amma ta san abin da take yi.

A asibitin ne na ji cewa abin ba baƙo ba ne. Jijjigar zazzaɓi tana kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5, kuma cikin yara 100 ana samun 2 zuwa 5 da suke yin ta. Yawanci tana tsayawa da kanta kafin minti biyar, kuma akasarin yaran ba sa zama masu farfaɗiya. Harshe ba ya haɗiyuwa. Cokalin da na ɗauko, haƙori zai karya ko ya toshe numfashi, haka ma ɗura ruwa ko magani a bakin yaron da ba ya cikin hayyacinsa. Shi ya sa agogo yake da muhimmanci: idan ta wuce minti biyar, ko ta dawo a yini guda, ko gefe ɗaya na jiki kawai take kamawa, ko wuya ya sanƙare, ko yaro ya ƙi farfaɗowa, maganar ta canza, gudu ake yi. Ko ba haka ba ma, ta farko dai sai likita ya gani, don a gano abin da ya kawo zazzaɓin. Mu ciwon kunne ne. Nauyin kuma ba don ado ya tambaya ba, maganin yara da kilo ake auna shi. Farasitamol ma miligiram 10 zuwa 15 ne a kan kowane kilo. Da ni kaɗai ne a wurin, sai dai in ce "cokali ɗaya muke ba ta", wanda ba amsa ba ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina ganin kaina uba mai kula. Wayata cike take da hotunan yarana. Ranar da haƙorin farko ya ɓullo, ranar da ta fara rarrafe, bidiyon tatatarta na farko daga kujera zuwa ƙafata, ranar da yayanta ya fara zuwa makaranta da jakar da ta fi shi girma. Duk ina da su, har da kwanan wata. Katin rigakafi kuwa ban taɓa buɗe shi ba, launin bayansa kawai na sani.

Kuma damuwata ma inda ba ta da amfani nake kai ta. Lokacin da babban ya kai wata 15 bai fara tafiya ba, na hana gidan sakat. Ɗan abokina ya taka a wata 10, na ga bidiyon a Facebook, shi ke nan barci ya ƙaurace mini. Kullum in miƙar da yaro in sake shi, ya zube ya yi kuka, uwarsa ta harare ni. Ashe Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani bincike a 2006, na yara sama da 800 daga Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, wanda ya nuna lafiyayyun yara suna fara tafiya su kaɗai tun daga wajen wata 8 har zuwa kusan wata 18. Zama ba tare da tallafi ba, daga kusan wata 4 zuwa 9. Wasu kamar 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, suka tsallake abinsu. Yaron da na tayar wa hankali yau shi ne ba ya zama wuri ɗaya, sai an yi da gaske ake kama shi a yi masa wanka.

Ra'ayina, kuma na san wasu maza ba za su ji daɗi ba: mun raba aikin gida rabon da ya bar mu da ɓangaren daɗi. Mu ne masu hoto, masu ɗagawa sama a yi dariya, masu sanar da duniya cewa yarinya ta ce "Abba". Ilimin da ba shi da armashi, wato wane magani ne ya taɓa fesa wa wane ƙuraje, yaushe za a koma allura, wa ke da asma, mene ne rukunin jinin wane, duk a kai ɗaya yake zaune. Za ka ce ai kai kana fita nema, ita tana gida ko ta fi kusa da su. Ban musa ba, nema aiki ne, kuma kuɗin asibitin daren nan daga aljihuna ya fito. To amma da ita ce ta kwanta a tafiyar nan fa? Da yarinyar tana hannuna ni kaɗai a mota? Likita ba zai jira in buga waya gida ba.

Su ma iyaye mata suna da nasu. Da na yi wa matata ƙorafin ba ta taɓa gaya mini waɗannan abubuwa ba, ta ce ta gaya mini, ina danna waya. Gaskiya ne. Amma ita ma ta yarda cewa sau da yawa in na ce zan ba da magani sai ta karɓe, wai ba zan iya ba, ta fi sauri. Wanda kullum ake karɓe wa aiki, yaushe zai iya?

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a ranar muka fafe. Mun ɗauko caja uku, ba mu ɗauko ma'aunin zafi ba. Ba mu san asibitin da ya fi kusa da masaukin ba, sai da na tashi mai gadi da tsakar dare yana yi mini kwatance da hannu. Yanzu kafin mu tayar da mota nakan duba wannan, kuma akwai takarda a aljihun gaban mota, kowane yaro da layinsa: ranar haihuwa, nauyi, maganin da ba ya ɗauka. Katunan rigakafin ma na ɗauki hotonsu, sun shiga cikin 3,000 ɗin. Likitan ya ce wajen ɗaya cikin uku na yaran da suka yi jijjigar sukan sake, kuma farasitamol yana sa yaro ya ji sauƙi ne kawai, ba ya hana ta dawowa. Har yau in jikin Auta ya yi ɗumi gabana faɗuwa yake yi.

Makon jiya ni na kai ta awo. Layin duk mata ne, sai ni da wani dattijo da ya rako jikarsa. Nas ta karɓi katin, ta leƙa bayana. "Ina mamarta?" Na ce tana gida, lafiyarta ƙalau. Ta ɗora Auta a sikeli, yarinya na tsala ihu tana miƙo mini hannu. Kilo 12 da ɗigo 4. Na fito da waya na rubuta, na tura wa uwarta. Amsarta ta shigo kafin mu kai ƙofa: "Ka tambaye su yaushe za a dawo?"

Na koma layi.