Idan sitiyarin fokilif yana ɗaukewa yana dawowa

Masu sito da manajojin kamfanoni, musamman na Sharaɗa da Bompai da Challawa, ina da magana da ku kan motar ɗaga kaya mai aiki da batir, wato fokilif. Duk ranar da direba ya ce sitiyari yana ɗauke masa na ɗan lokaci sannan ya dawo, a ajiye motar nan take. Kada a ce masa "kashe ka kunna, ka lallaɓa mu gama lodi". Motar da ke ɗaga tan 2.5, ita kanta nauyinta ya kai wajen tan 4, kuma da ƙafafun baya take juyawa. Idan ta ƙi juyawa a lungun sito, ga lebura a gefe, rai ake magana.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake gyaran. Makanike ya zo, ya kunna, ya ga tana aiki, ya ce lafiyarta ƙalau. Wani kuma ko murfi bai buɗe ba sai ya ce birenbos ne, wato na'urar da ke sarrafa wutar motar. A kashe maƙudan kuɗi a sayo sabo, bayan ɗan lokaci ciwon ya dawo.

Direba ne ya kamata a fara zama da shi. Malam, yaushe take yi maka? Da safe, ko da la'asar in caji ya ja baya? Sai kana ɗaga kaya kana juyawa lokaci guda, ko in ka taka gargadar bakin ƙofa? Lambar da ta fito a allo kafin ka kashe, ka riƙe ta? Birenbos irin na kamfanonin Curtis da Zapi suna ajiye tarihin waɗannan lambobi, amma sai an nema ake gani.

Daga nan sai batir, kuma a nan nake so a daɗe. Batir mai bolt 48 gidaje 24 ne, kowane gida bolt 2. Gida ɗaya ya raunana, in ka sa mita motar tana tsaye za ka ga komai daidai. Amma da an ɗaga kaya wuta ta faɗi, na'urar birenbos ta yanke sitiyari don ta kare kanta, an sauke kaya kuma ya dawo. Don haka a auna shi yana cikin aiki, gida bayan gida. A dubi farin garin nan da ke taruwa a kawunan batir, a dubi babban soket ko ya yi baƙin ƙuna. Masu zuba ruwan famfo maimakon ruwan batir, don Allah ku bari.

Waya kuma takan karye a cikin robarta, daga waje ba ka ganin komai, musamman inda take lanƙwashewa kullum kusa da injin sitiyari. A ɗaga ƙafafun motar daga ƙasa, a tokare ta da kyau, a kunna, a riƙa girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ciwon ya nuna kansa. Ƙurar hunturu da laimar damina ma suna shiga soket ɗin sensa, wato 'yar na'urar da ke sanar da birenbos motsin sitiyari. Wayoyi biyun da na'urori ke magana da juna ta kansu, na CAN, in an cire batir aka auna, ya kamata mita ta nuna wajen om 60 a tsakaninsu. Idan sitiyarin na haidirolik ne, wato mai aiki da matsin mai, a duba ko mai ya ragu ko yana kumfa, da matatarsa.

Sai an bi duk wannan ba a samu komai ba za a taɓa birenbos. Kuma a ajiye ɗan littafi a jikin kowace mota, direba ya riƙa rubuta lokaci da lamba, a tabbatar masa ba za a yanke masa albashi don ya ajiye mota ba.