Killace shanu a ƴar gona: wa zai biya kuɗin harawa?

Da zarar an yi rikicin manoma da makiyaya, sai ka ji ƴan boko a majalisun Kano suna cewa ai maganin mai sauƙi ne, kowane Bafulatani ya sayi fili, ya kewaye shi da waya, ya zauna. Tun da Binuwai ta hana kiwon sake a 2017 ake rera wannan waƙa. Ina kyautata zaton masu rerawar ba su taɓa sayen damin harawa a watan Afrilu ba.

A ƙasar Kano damina wata huɗu ce, in ta yi albarka biyar. Sauran watannin ciyawa a bushe take, kuma saniya ba ta san azumi ba. Wanda ya killace shanu talatin a kadada biyar, kafin kaka ta fita sun lashe filin tas, sai ƙura da kashin shanu. Daga nan komai na saye ne: dusa, kowa, karan dawa, angurya, ga ruwa, ga allura. Na ga wani dattijo a kasuwar Wudil ranar Juma'a, cikin bazara, yana sayar da karsana don ya ciyar da sauran. Dillali ya taya, ya ce, "Baba, ka ga ƙashin haƙarƙarinta?" Dattijon ya yi shiru, ya sallama.

Masu kafa hujja da Ostireliya su duba girman filin tukuna. Gandun Anna Creek da ke can yana gogayya da Jihar Kano wajen faɗi, amma shanun cikinsa ba su kai 20,000 ba. A busasshiyar ƙasa, faɗi shi ne jari. Tafiyar da makiyayi ke yi ta burtali daga mashaya zuwa mashaya ita ce nasa gandun, shi ya sa dokar 1965 ta Jihar Arewa ta ware makiyayai na gamayya.

Ƙaramin fili yana biya a wuri ɗaya, kiwon turke. Bijimi uku a bayan gida, a ciyar wata uku, a sayar gab da Babbar Sallah. Wannan kuwa sana'ar mai kuɗi a hannu ce.

Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024, in da gaske take, ta fara da noman ciyawar rani a Kadawa da kwato burtalan da aka nome. Waya a sayo daga baya.